Bindiga Mai Ƙanshin Sandal

A shekarar da manyan ƙasar Chadi suka gaji da zirga-zirgar taron sulhu a Kano da Legas, suka dawo gida don su ƙarasa maganar da bakin igwa, bindiga ta fi tukunya yawa a Njamena. Duk saurayin da ya tsiro da gashin baki yana da tasa, wanda bai tsiro ba ma akan ba shi ya riƙe kafin ya tsiro. Abin da ya ɓace shi ne nama. Mahauta sun haye kogin Shari zuwa Kusuri da wuƙaƙensu, makiyaya sun kora shanunsu inda ba a jin siyasa, kajin gari kuwa tun farkon rikicin aka gama da su da sunan juyin juya hali.

Alhaji Mijinyawa ɗan kasuwar yadi ne, haifaffen unguwar Ridina, jikan wani Bakatsine da ya zo garin da jaki tun zamanin Faransa. Rumfarsa ta babbar kasuwa sau biyu aka 'yantar da ita. 'Yan ƙungiyar farko suka 'yantar da atamfa da shadda, 'yan ta biyu suka zo suka tarar ba komai, suka 'yantar da ƙofa. Da harsasai suka fara shigowa tsakar gidansa ba sallama, sai ya ɗora akwatin ƙarfe da tabarmi a kura, ya sa matarsa Hansatu da autarsu Zaliha a gaba, suka koma Milezi, can bakin gari kusa da kogi, gidan wani ɗan'uwansa da ya riga shi wayo ya gudu. Cikin kayan har da bindigar mahaifinsa. Ba don yana da niyyar harbin kowa ya ɗauko ta ba. Kunya ya ji ya bar ta ga masu 'yantarwa.

Da tsohon ciki Zaliha ta zo Milezi, a nan ta haihu. Mijinta Abdussamad direban babbar mota ne, yaƙin ya rutsa da shi a hanyar Abeshe, tun daga nan ba labari. Aka raɗa wa yaron suna Yunusu, aka raba dabino, rago kuwa aka bar shi a matsayin alkawari. Haihuwar ta zo da zubar jini mai yawa. Zaliha ta kwanta, leɓɓanta suka yi fari, in ta tashi zaune sai jiri ya mayar da ita. Nono ya zo kaɗan, sannan ya fara janyewa. Kukan Yunusu, wanda da farko har maƙwabta ke ji, ya koma siriri kamar na ɗan mage.

Wata safiya Hansatu ta fito daga ɗakin jego, ta tsaya a kan mijinta yana lazimi.

"Alhaji, ajiye carbin nan ka saurare ni. Yarinyar nan nama take so. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an yi jego da kunun gero tsura ba. Ba ƙauri, ba hanta, ba ko ƙashin da za a tafasa. In ba ta sha romo ba nonon nan zai ƙafe, in ya ƙafe kuma ka san sauran."

Ya san sauran. Madarar gwangwani ta daɗe da bin mahauta Kusuri.

"Kifi fa?" ya tambaya.

"Wajen wane masunci? Duk kwale-kwalen sun koma jigilar masu gudu. Kuma ka je bakin kogi da safe ka ga abin da ruwa ke kawowa, sannan ka dawo ka ce in ba 'yata kifin bana."

"To mu haye da ita."

"Wadda ko bayan gida sai na riƙe ta? A ka za ka ɗauke ta, ana harbin kwale-kwale?"

Mijinyawa ya sa carbi a aljihu ya fita waje.

A ƙofar gidan da ke kallon nasu akwai darbejiya, ƙarƙashinta akwai tabarma, a kan tabarmar akwai Haladu. Bahaɗeje ne. Ya zo Njamena da buhunan barkono ana saura kaɗan a fara, domin wani ya tabbatar masa ƙasar ta zauna lafiya, an ma sa hannu a takarda. Ɓarɓashin bam ya same shi a cinya, ya kwanta jinya tare da barkononsa. Da yake Bakatsine da Bahaɗeje abokan wasa ne, tun ranar da suka san asalin juna ba wanda ya sake gaya wa ɗan'uwansa magana mai daɗi, abin da ya sa suka shaƙu.

"Bakatsine, yau kuma mene ne? Ka ɓata rai kamar an ce ka ba da sadaka."

Mijinyawa ya zauna ya gaya masa. Haladu ya bar dariya. Ya ce matan da ke zuwa itace sun ba shi labari, a lambunan da aka gudu aka bari, bayan shingen mayaƙa na ƙarshe, barewa na shigowa da sassafe suna cin ganyen wake, ba mai korarsu.

"Mutane sun watse, dabbobi sun karɓi gari," in ji shi. "Su kuwa har yau ba su rabu ƙungiya-ƙungiya ba."

"Sai in nemi aron bindigar kilashi wajen yaran shingen nan."

"Nema. Ka rataya kilashi ka doshi shinge, kafin ka gama sallama sun gano ƙungiyarka, ko da kai ba ka san kana da ita ba. Ba ka da wani abu na mutanen da? Ko kwari da baka ne?"

Mijinyawa ya shiga gida ya fito da dogon abu naɗe cikin koren karan-miski. Ya warware shi a hankali kamar mai buɗe Alƙur'ani. Bindiga ce mai baki ɗaya, irin wadda ake ɗurawa ta baki, mahaifinsa ya saye ta wajen wani falke Bafezane daga hamada tun Mijinyawa yana yaro. Kusa da gindinta akwai ɗan hanci na ƙarfe da ake kifa wa 'yar hular tagulla. In aka ja kunama, guduma ta sari hular, wuta ta bi ta wani siririn rami ta tarar da albarushi. Tare da ita akwai jakar fata cike da dunƙulen dalma, da gwangwanin huluna, da kwalbar albarushi da tsohon ya toshe da kakin zuma.

Haladu ya karɓa, ya leƙa bakin. Ya ga wasu layuka a murɗe a cikin bututun, ya ce wannan ba aikin maƙeran ƙauye ba ne. Sannan ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Alhaji, wannan bindiga ce ko amarya?"

Gaskiyar magana ita ce, tun rasuwar mahaifinsa Mijinyawa bai taɓa harba ta ba, amma bai taɓa wulaƙanta ta ba. Kowace Sallah, in ya gama shafa wa kansa turare, sai ya ɗauko ta ya goge ta da man sandal, ya ɗiga mata a baki, ya ɗiga a ɗan hancin, ya yi wa tsohon addu'a. Sallah biyu a shekara, tun yana da baƙin gemu har ya yi fari. A duk faɗin Chadi ba makamin da ya kai ta ƙanshi.

"Ka iya ta?" Mijinyawa ya tambaya.

"Ni? Kawuna sarkin baka ne a Guri. A gabana ya kashe kura da harba-ruga."

"A gabanka, ko kana bisa bishiya?"

"Daga bisa bishiya aka fi gani."

Suka jira la'asar. Mayaƙan Njamena mutane ne masu tsari: da rana tsaka sukan huta su sha shayi, in rana ta yi sanyi su koma bakin aiki. Da igwa ta fara daga wajen tsakiyar gari, ba wanda zai kula da ƙarar wata tsohuwar bindiga a Milezi. Aka tallabo Haladu zuwa bayan gida, aka jingina wani tsohon ƙyauren langa-langa da katanga, aka zana masa da'ira da gawayi. Mijinyawa ya zuba albarushi yadda Haladu ya auna masa, ya jefa dalma. Ta faɗa ƙasa da ƙara, ƙwal, kamar tsakuwa a rijiya. Ya ɗaga bindigar, ya ɗan sunkuyar da bakin don ya gyara tsayuwa, dalmar ta gangaro ta faɗo a kan ƙafarsa.

"Ta fito da kanta," in ji Haladu. "Wannan ko albarushi ba ta buƙata."

Aka mayar da ita, aka cusa tsumma a kai don ta zauna. Mijinyawa ya saita, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan ma, ya ja kunama. Hular ta yi ƙyas. Shiru. Ya buɗe ido, ya fara juyo da bakin don ya leƙa.

"Kar ka leƙa! Kar ka leƙa, don Allah!" in ji Haladu.

Bai gama juyowa ba bindigar ta yanke shawara. Ta yi wata irin tsawa, hayaƙi fari ya cika wurin, Mijinyawa ya zauna a ƙasa ba shiri. Da hayaƙin ya washe ƙyauren na nan lafiya lau. Randar Hansatu da ke can gefe ce ta rabu biyu, ruwa na malala.

Hansatu ta leƙo, ta dubi randar, ta dubi mijinta.

"Sannu da farauta, Alhaji. A dafa ta da yaji ko a soya?"

Da ta koma, Haladu ya share hawayen dariya ya ce ciwon bindigar biyu ne. Ba ta amsa kira da wuri, in ta amsa kuma ba ta zuwa inda aka aike ta. Na farko ya san maganinsa. Man da aka yi shekaru ana ɗura mata ya haɗu da tsohuwar toka ya toshe ramin wuta, ya kuma jiƙa albarushin da ke kusa da shi, shi ya sa wutar ke tafiya a hankali kamar mai neman gida a baƙuwar unguwa. Wanka take so, da tafasasshen ruwa.

Tafasasshen ruwa kuwa a gidan nan wuri ɗaya ake samunsa, tukunyar wankan jego da Hansatu ke ɗorawa safe da yamma da itacen da take tsintowa da ƙyar. Washegari Mijinyawa ya tsaya a gefen murhu da bokiti, yana sosa ƙeya.

"Ruwan mai jego za ka ɗiba ka yi wa bindiga wanka?"

"Kaɗan."

"Ita ma haihuwa ta yi?"

Amma ta ɗebo masa, ta haɗa masa da allurarta. Suka kwance ɗan hancin da filaya, suka raba bututun da katakon, suka tsoma gindinsa a bokiti. Mijinyawa ya naɗa tsumma a sandar ɗuri yana turawa yana jawowa, ruwa na shiga yana fita ta ramin. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin, mai kauri, yana ƙanshin Sallolin da suka wuce. Sai da suka canja ruwa har ya fito fes. Ya bi ramin hancin da allura har ya hango haske ta ciki, ya shanya bututun a kan rufin kwano, rana ta gasa shi. Haladu ya ƙara masa da abin da ya tuna daga bisa bishiya: in ya zuba albarushi ya bubbuga gefen bindigar da tafin hannu don ƙwayoyin su gangara bakin ramin, hulunan kuma ya riƙa ajiye su a aljihun ƙirji inda raɓa ba ta kai.

Da la'asar suka sake gwadawa, bayan an kawar da duk abin da Hansatu ke so. Wannan karon kunama da tsawa tare suka zo. Mijinyawa ya yi murmushi, karo na farko tun barinsu Ridina. Sai dai dalmar ta bar ƙyauren ta ci saman katanga. Ta gaba ta shiga ƙasa.

"Dalmar ta yi wa bututun ƙanƙanta," in ji Haladu. "Tana fita tana karo da gefe da gefe, wanda ta taɓa ƙarshe shi ke gaya mata hanya. Mu a gida ƙusoshi muke zubawa da guntayen sarƙar keke, mu matsa kusa har mu ji numfashin dabba."

Mijinyawa ya dubi gwiwoyinsa, waɗanda ko ruku'u sai sun yi sanarwa. Ba barewar da za ta tsaya ya matso.

"Kawun naka bai taɓa harbi daga nesa ba?"

Haladu ya yi tunani. Ya ce ya taɓa ganinsa yana shimfiɗa ɗan ƙyalle a bakin bindiga, ya ɗora dalma a kai, ya tura su tare, ƙyallen ya naɗe ta kamar goyo. Wane irin ƙyalle? Haladu ya ɗaga kafaɗa. Ƙyalle dai, ƙyalle ai ƙyalle ne.

Wannan ce magana mafi muni da Mijinyawa ya ji tun farkon yaƙin, kuma ya ji jawabai da yawa a rediyo.

Suka fara da gefen tsohuwar rigar Haladu. Bayan harbin Mijinyawa ya bi ƙasa yana dubawa har ya tsinto ƙyallen inda ya faɗi. Ya narke ya dunƙule, sauransa kuma ya manne a cikin bututu.

"Tetoron," ya ce da ƙyama. "Roba kake sawa a jikinka, Bahaɗeje. Dama na ga alama."

Aka sake wanke bututu. Ya yago bakin tsohon zanen Hansatu. Wannan ya fito a ƙone, da huda a tsakiya: ya sha wanki, zarensa ya mutu. Ya gwada guntun tamfol daga kura, dalmar ta tsaya a baki ta ƙi shiga ko da duka. Ya ɗaga kwalbar albarushi ya duba a rana. Abin da ya rage bai kai a yi ta wasa da shi ba. Daga cikin gida kukan Yunusu ya taso, ya yanke, ya sake tasowa, ba ƙarfi.

Mijinyawa ya zauna a kan turmi, ya ɗora dalma a bakin bindigar, ya riƙe ta da yatsa yana duban ɗan hasken da ke kewaye da ita. Ya murza babban yatsansa da manuni, yadda yake murza yadi in dillali ya rantse masa da Allah. Yatsun suka gaya masa abin da ake nema. Auduga zalla, ba gauraye. Saƙa mai matsi. Ta fi atamfa jiki, ba ta kai tamfol ba. An wanke ta sau ɗaya sitaci ya fita, amma ba a wahalar da ita ba. Ya san yadin. Ya ma san inda yake, don shi da kansa ya zaɓe shi bayan ya sa wani mai kanti a Makka ya sauke kusan duk kayansa.

Ya daɗe a kan turmin. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya ɗaga kaya har ƙasa, ya fito da likkafaninsa.

Shekarar da ya yi aikin hajji ya saye shi, ya tsoma shi a ruwan zamzam, ya shanya shi a can, ya naɗe ya kawo gida, kamar yadda dattawan Ridina ke yi. Yana cikin shimfiɗa shi a tabarma, almakashi a hannu, Hansatu ta shigo.

"Innalillahi! Alhaji, me zan gani?"

"Taki ɗaya zan cire daga gefe."

"Likkafaninka? Na zamzam? Ka cusa a bindiga?"

"Lokacin da na saye shi da tumbina na auna. Dube ni yanzu. Yaƙin nan ya rage ni, yadin ya yi mini yawa. Almubazzaranci ne a binne shi duka."

"Ba abin wasa ba ne."

"Ba wasa nake ba, Hansatu. Ni ban shirya sa shi bana ba. Yaron can kuwa in aka ƙara kwana haka, daga jikin wannan za a yankar masa nasa, kuma taki ɗaya ba zai isa ba."

Ta tsaya, hannunta a baki. Ta juya kamar za ta fita, ta dawo, ta durƙusa ta kama ɗaya gefen yadin ta ja shi ya miƙe.

"To yanka a kan zare. Kar ka karkace, ka bar mini aiki ranar da za a naɗe ka."

Ya yanka a kan zare. Ta tashi ta ɗauko ɗan man kaɗen da take shafa wa jariri, ta ɗibar masa a murfin gwangwani.

Ya yanyanka farin ƙyallen ƙanana, ya shafa wa ɗaya man kaɗe, ya shimfiɗa a bakin bindiga, ya ɗora dalma. Ta ƙi shiga da yatsa, ta shiga da dunƙulen hannu. Ya bi ta da sanda, ta tafi a hankali, da nauyi iri ɗaya tun daga sama har ta zauna a kan albarushi. Ya kifa hula, ya saita, wannan karon ido ɗaya kawai ya rufe. Da hayaƙi ya washe akwai huda a cikin da'irar gawayin, can gefen dama, amma a ciki. Ya je ya tsinto ƙyallen. Bai ƙone ba, bai yage ba, sai tabon layukan bututu a jikinsa.

"Ka ga yadi," ya ce wa Haladu, yana miƙa masa.

"Na gani. Ka sake harbawa mu tabbata ba kuskure ka yi ba."

"Sauran na barewa ne."

Da ya idar da sallar asuba ya rataya bindiga, ya soke wuƙar layya a ƙugu, ya bi hanyar bakin kogi. A shingen ƙarshe samari ne zaune a kan akwatunan harsashi, suna jiran shayi ya nuna. Babbansu, wani siriri mai rawani har hanci, ya miƙe da kilashi.

"Hajji, mashi wen?"

Mijinyawa ya amsa da Larabcin da ya tashi da shi a kasuwa, ya ce lambu za shi, farauta. Saurayin ya karɓi bindigar, ya juya ta sama da ƙasa yana neman inda ake sa gidan harsashi. Da aka nuna masa ta baki ake ɗura ta, harbi ɗaya sannan a zauna a sake shiri, sai dariya ta kama shi har ya dafa ɗan'uwansa. Suka riƙa miƙa wa juna ita. Ɗaya ya ce da irin wannan aka ba kowa, da yaƙin nan sai jikokinsu su ƙarasa shi. Wani ya ce da an fi samun lokacin shayi.

"Amshi, Hajji," in ji babban, yana nuna masa ya wuce. "In ka kashe giwa a ajiye mana haure."

Lambunan sun koma daji. Kuɓewa ta tsufa a jikin karanta ta zama itace, wake ya yaɗu ya haye kan jigo. Mijinyawa ya sami gindin wata mangwaro, ya zauna inda iska ke busowa fuskarsa kamar yadda Haladu ya ce, ya ɗora bututun a kan karyayyen shinge. Sauro suka same shi. Gwiwoyinsa suka fara ƙorafi. Rana ta fito, ta fara zafi, ya soma tunanin matan itace ma 'yan siyasa ne.

Sai ga bareyin. Suka fito daga cikin ciyawa ɗaya bayan ɗaya, jajaye, ƙafafu kamar tsinke, suna taku suna tsayawa. Wani namiji mai ƙaho ya ware gefe, ya sunkuya a kan wake, ya ba shi haƙarƙari. Tazarar ta ɗan fi ta ƙyauren bayan gida. Mijinyawa ya gyara zama. Ya ciro hula daga aljihun ƙirji, ta faɗi a ƙasa, ya ciro wata, ya kifa. Ya ja guduma baya a hankali. Ya tuna dalmar ta ci dama jiya, ya ɗan karkata hagu. Ya yi bismillah.

Tsawar ta tashi tsuntsayen lambun gaba ɗaya. Hayaƙi ya rufe masa gani, da ya washe ba barewa ko ɗaya. Ya miƙe da ƙyar ya je wurin. Ganyen wake ne kawai a tattake. Ya tsaya yana duban ƙasa. Sai ya ga ɗigon ja a kan ganye, ya ga wani a gaba. Ya bi su har bayan wata tsohuwar rijiya, ya tarar da shi kwance yana shure-shure. Ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka.

Ya saɓo shi a wuya, jini na bin farar rigarsa, yana tafiya yana hutawa. A shinge ba wanda ya yi dariya. Samarin suka kewaye shi, su ma rabonsu da nama an jima. Babban ya taɓa cinyar barewar da bakin kilashi, ya ce wannan rabon shinge ne, da hanta.

Mijinyawa ya sauke kayansa. Bai iya harbi sosai ba, amma ciniki a cikinsa aka haife shi. Ya ce hanta da cinya na mai jego ne, 'yarsa ce, jaririnta ba ya samun nono. Ya ce ga kai, ga wuya, ga hannu guda, sun fi daɗin gashi a garwashi, cinya sai an sami mace ta dafa, su kuwa bai ga mace a shingen nan ba. Ya tambayi saurayin ko uwarsa da ta haife shi kunu tsura aka ba ta. Saurayin ya sauke rawanin daga hancinsa, sai ga fuskar yaro.

"Kawo kan da hannun," ya ce. "Ka gaida mai jego."

A duk shekarunsa na kasuwa Mijinyawa bai taɓa biyan haraji da sauƙin rai haka ba.

Hansatu ba ta ce sannu ba, ba ta ce madalla ba. Wuƙa ta karɓa. Kafin azahar hanta ta gasu, romo na tafasa da barkonon Haladu, wanda a ƙarshe ya sami mai amfani da hajarsa. Sauran naman ta yanyanka siri-siri ta shanya a igiya ya zama sharmut, don ya kai su gaba. Zaliha ta sha cokali kaɗan ta kau da kai. Da yamma ta sha rabin kwano. Washegari ta ci hanta, ta nemi ƙari.

Mijinyawa ba ya shiga ɗakin jego, ba al'ada ba ce. A bakin ƙofa yake shimfiɗa buzunsa, yana jan carbi yana sauraron kukan jikansa, yana auna shi da na jiya. Kwanaki suka wuce a haka. Ran nan da hantsi ya lura ya daɗe bai ji komai ba. Ya tsayar da carbi. Ya kasa kunne. Igwa ma ta yi shiru, kamar da gangan. Ya miƙe, ya yi gyaran murya a bakin labule.

Hansatu ta fito da kwano a hannu.

"Lafiya ka tsaya kamar soja?"

"Yaron. Ban ji shi ba."

"Da wane bakin zai yi kukan? Bakin a cike yake."

Mijinyawa ya dafa bango. Sai muryar Zaliha ta fito daga ciki, da ƙarfinta, har da ɗan tsiwar da ya sani tun tana ƙarama.

"Inna, romon yau ba gishiri! Wa ke shan romo haka?"

"Gishirin ya ƙare, ranki ya daɗe," Hansatu ta amsa ta bayan labule, sannan ta dubi mijinta. "Ka ji 'yarka."

Gishiri a Milezi ta wannan shekarar sai an tsallake shinge biyu, an yi wa wani Bafezane mai kanti magiya ta taga. Alhaji Mijinyawa ya sa takalmansa.